Kufai Yana Iya Komawa Gari

Aikina shi ne zagayen makarantu, don haka na kan kwana a ƙauyuka da yawa. A cikin wannan yawo akwai abin da na kan gani wanda ke ɓata mini rai. Sai in shiga ƙauye in tarar da gidaje sun zama kango, rijiya ta rufta, babu kowa a dandali sai tsofaffi da ƙananan yara. In na tambaya ina samari, sai a ce sun tafi ci-rani, ba su komo ba. In na shiga aji na ce wa zai zauna a ƙauyen nan bayan ya gama karatu, da ƙyar na kan ga hannu ɗaya a sama.

Yara, ni a ganina wannan kuskure ne. Komawa ƙauyen da ya mutu don a raya shi aiki ne na masu ilmi, ba na wanda birni ya gagara ba. Bari in ba ku labarin wani mutum, ku auna da kanku.

A arewacin Burkina Faso, cikin ƙasar Yatenga, akwai wani ƙauye ana ce da shi Gurga. A shekarun 1970 fari mai tsanani ya auka wa ƙasashen bakin Sahara. Gonaki suka zama fako, watau ƙasa mai tauri wadda ruwa ba ya ratsa ta. Mutane suka yi ta ƙaura. Wajen 1980, sa'ad da kowa ke gudu, sai wani mai suna Yakuba Sawadogo ya bar kasuwancinsa a birnin Wahiguya, ya komo Gurga, ya ɗauki fartanya.

Bai zo da injin noma ba. Wata tsohuwar dabara ta kakanninsa ya ɗauka ya gyara, ana kiranta zai. Ga yadda take. Tun da rani a kan haƙa ƙananan ramuka a kan fako, faɗin kowane kamar santimita 20 zuwa 30. Yakuba ya ƙara musu girma, ya zuba taki a ciki. Takin nan ya kan jawo gara, ita kuwa gara sai ta huda ƙasa ta yi hanyoyi. In ruwan sama ya sauka, sai ya taru a ramin, ya bi hanyoyin gara ya shige ƙasa. Har wa yau ya jera duwatsu a gona don su rage gudun ruwa. A cikin ramukan ya shuka gero da dawa, ya kuma shuka itatuwa.

Da fari maƙwabtansa sun ce ya haukace, gama ba su saba ganin mutum yana haƙa a fako da rani ba. Amma sannu ba ta hana zuwa. Fakon nan ya ba da hatsi, daga baya ya zama kurmi mai itatuwa iri fiye da 60. Yakuba kuwa bai ɓoye saninsa ba. Ya kan tara manoma daga ƙauyuka masu yawa, su yi musayar iri, su koyi aikin. A 1989 waɗansu manoma daga Illela ta jihar Tawa, a Nijar, suka ziyarci Yatenga, suka komo da dabarar. A can ana kiran ramukan tassa. An ba Yakuba babbar lambar yabo a Suwidin a 2018, ya rasu a 2023.

A ƙasar Maraɗi ma an yi irin wannan. A 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, saiwarsu tana da rai. In manomi ya zaɓi toho mai ƙarfi ya bar shi, ya sare sauran, sai ya girma ya zama itace. Manoma suka karɓi wannan, har aka sami itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Cikinsu akwai gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki.

Ku lura da abu guda. A duk wuraren nan ba a yi faɗa da ƙasa ba, an bi halinta ne. Taki ya ciyar da gara, gara ta buɗe wa ruwa hanya, ruwa ya rayar da itace, itace ya ciyar da dabba, dabba ta ba da taki. Kome yana taimakon ɗan'uwansa, ba a zubar da kome. Waɗansu masana biyu na Ostareliya, Bill Mollison da David Holmgren, sun rubuta littafi a kan irin wannan tsari a 1978, suka sa masa suna da ke nufin dawwamammen noma.

To, wani zai ce, ai ba don son rai mutane ke barin ƙauye ba. Wani ƙauyen babu asibiti, babu hanya, wani ma tsoron ɓarayi ne ya kori mutanensa. Wannan gaskiya ne, ba na kuwa cewa kowa ya kai kansa inda babu zaman lafiya. Tsaro da hanya da asibiti hakki ne a kan hukuma. Amma akwai ƙauyuka da yawa waɗanda ba abin da ya kashe su sai mutuwar ƙasa, waɗannan kuwa maganinsu yana hannunmu. Sai dai mai komawa ya san sharaɗi uku. Ya tafi da haƙuri, gama itace ba ya girma a damina ɗaya. Ya saurari tsofaffi, don sun fi shi sanin inda ruwa ke bi. Ya kuma nemi abokan aiki, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba na ce dukanku ku zama manoma ba. Ƙauye yana bukatar malami, da ungozoma, da makaniki, da mai lissafin kuɗin ƙungiya. Inda hatsi ya komo, kasuwa ta kan ci, inda kasuwa ta ci kuwa, makaranta ta kan cika.

Saboda haka ku fara tun yanzu. Ku nemi fako a bayan makarantarku, ku roƙi malam izini, ku haƙa ramuka goma da ranin nan, ku zuba taki. In damina ta sauka ku shuka gero a ciki, ku kuma shuka a gefe inda ba rami. Da kaka sai ku gwada zangarniyar nan da waccan, ku kai wa iyayenku su gani.