Sandar da Aka Hana Faɗuwa

A ƙasarmu ta Jega, Aliero da Maiyama, ba a san doki da wasan tsallake ba. Aikinsa hawan sallah ne, da sukuwa, da rakiyar hakimai in za su gaisuwa fadar Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi. Tsallaken da ya sani na hanya ne: kunyar gero, ko ramin da ruwan damina ya ci. Sai da wayoyi suka yawaita, samari suka riƙa ganin dawakin Turai suna haye shinge a bidiyo, sannan wasu suka fara kafa nasu a bayan gari, har a ƙauyuka irin su Gumbin Kure.

Na ga irin waɗannan shingayen, kuma kusan duk cuta ɗaya ke damun su: an yi musu ƙarfi fiye da kima. A jera bulo, a ɗora azarar giginya, wani ma ya buga mata ƙusa don kada ta dame shi da faɗuwa. Mai yin haka gani yake aiki mai kyau ya yi, alhali tarko ya ɗana wa dokinsa. In doki ya daki sandar da ba ta motsi da ƙafafun gaba, gabansa ne zai tsaya, bayansa ya taso sama, ya wuntsila ya danne mahayi. A 1999 mahaya 5 suka mutu a Birtaniya a gasar tsallake shingayen fili, yawancinsu ta irin wannan faɗuwar. Dalili ke nan daga 2002 aka fara ɗora sandunan a kan wasu ƙarafa masu karyewa in doki ya buge su da ƙarfi. Mu kuwa Aliero na kusa, masu ɗorinta sun yi suna har bayan Kebbi, amma ƙashin mutum ne ke jin ɗori. Dokin da ya karye a ƙafa da wuya ya sake ɗaukar sirdi.

Mafita ita ce horon ƙananan sanduna. Wanda ya fito da shi sojan dawaki ne ɗan Italiya, Federico Caprilli, wanda ya rasu a 1907. Shi ba tsayin shinge ya dame shi ba. So yake doki ya koyi duban inda zai sa kofato, ya saki wuya, bayansa ya yi ƙwari. A ƙasa ake fara shimfiɗa sanda, doki ya ƙetare ta da tafiya, sannan a ɗaga ta santimita 15 ko 20. Ko doki ya ƙware, ba a cika wuce rabin mita a wannan horon ba. In an jera sanduna don sassarfa, tazararsu wajen mita 1.2 zuwa 1.3 ce, a rage wa ƙaramin doki.

Kayan yi kuwa ba sai an je kasuwar Jega ba. Miƙaƙƙiyar sandar darbejiya mai tsawon mita 3, a fere ta, a goge kututturan rassa, ta isa. A aza bakinta kan buhun yashi ko damin karan dawa, yadda taɓi kaɗan zai zubar da ita gaba. Gora ba ta yi ba, domin tana tsagewa ta yanka jijiya. Bututun roba ma in rana ta gasa shi fashewa yake da tsini. Ganga mirginawa take ƙarƙashin doki. Ƙusa kuwa ko ɗaya kada a sa, don doki na cikin dabbobin da cutar tetanus ta fi saurin kamawa. A nemi fili mai yashi-yashi, a guji fadamar da ta bushe ta tsattsage bayan an yanke shinkafa.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne kayan hawanmu. Sirdin Hausa mai tudu gaba da baya an yi shi ne don ya riƙe mahayi a sukuwa da zamiya, kuma tudun gaban nan ciki yake duka in doki ya dira. Linzaminmu mai tsanani ne. Yaron da ya ji tsoro ya fizge shi a tsakar tsallake zai fasa wa doki baki, gobe ko da bulala ba zai tunkari sanda ba. Gara a fara da ragama, mutum yana ƙasa yana jan dokin, har ya saba. In an zo hawa, a sa sirdi marar tudu irin na 'yan folo, mahayi ya ɗaura hular kwano, kuma kada yaro ya fita wannan horon sai da babba a filin.