KELLE: LAIFIN TSOHUWAR NA'URA NE, KO NA HANYA?

Daga Kelle, cikin duwatsun Kutus arewa da Gure, zuwa Yamai, tafiya ce ta fiye da kilomita 1000. A da, takardar hukuma mota take jira. A yau, abin da ake fata shi ne ma'aikaci ya zauna cikin bironsa, ya shiga wata babbar kwamfuta da ke Damagaram ko Yamai, ya ga allonta, ya yi aiki kamar yana gabanta. Kukan da aka saba ji game da wannan dabara guda ne: a taɓa harafi, sai an jima ya fito, a buɗe takarda, allo ya daskare, talaka kuwa yana bakin ƙofa yana jira. Daga nan sai a ce na'ura ta tsufa, a nemi sabuwa. Kafin a taɓa kuɗin baitulmali, ya kamata mu duba ko wannan hukunci daidai ne.

A cikin aiki daga nesa, na'urar can ita ke ɗaukar nauyin lissafi. Ta nan aikinta kaɗan ne: ta aika abin da aka taɓa, ta nuna hoton da aka maido mata. Tsohuwar na'ura tana iya wannan. Galibi cikas yana kan hanya, kuma iri biyu ne, waɗanda duk mai ban ruwa a rijiya ya san su. Akwai girman guga, watau yawan saƙon da layi ke ɗauka a daƙiƙa guda. Akwai kuma zurfin rijiya, watau lokacin da saƙo ke yi ya je ya komo. Kome girman guga, in rijiya ta yi zurfi sai an jira. Tauraron ɗan adam irin na da yana nisan kilomita kusan 36.000 a sama, saƙo kuwa yakan ci fiye da rabin daƙiƙa kafin amsa ta komo. Ga mai sauke takarda, wannan ba kome ba ne. Ga mai rubutu harafi bayan harafi, azaba ce, kuma sabuwar kwamfuta ba ta rage ta ko kaɗan.

Saboda haka, matakin farko shi ne awo. Kowace kwamfuta tana da umurnin ping, mai nuna tsawon wannan jira da yawan saƙon da ya ɓace. In jiran ya yi yawa, ko yana hawa yana sauka, to, hanya ce. Sai a rage mata kaya: a maida launin allo daga 32 zuwa 16, a rage faɗinsa, a kashe hoton bango, da motsin ado, da sauti. A haɗa na'ura da waya maimakon iska. A kuma duba salula nawa ke shan layin biro (wannan magana ba ta da daɗin ji, amma shugabannin ma'aikatu sun san gaskiya ce). In kuwa layi lafiya lau yake, sannan a koma ga na'ura: ƙurar hunturu takan toshe mata mashaƙar iska, ta yi zafi, ta rage gudu da kanta. Shara da ƙarin ƙwaƙwalwa sun fi sayen sabuwa araha nesa ba kusa ba.

Ba mu ce tsohuwar na'ura ba ta da aibi ba. Aibinta yana wajen tsaro. Kamfanin Microsoft ya daina gyaran Windows 7 a watan Janairu 2020, na Windows 10 kuma a watan Oktoba 2025. A shekarar 2019 an gano wata ɓaraka, BlueKeep, a daidai ƙofar aiki daga nesa ta Windows XP da Windows 7, wadda ɓarawo zai iya bi ba tare da kalmar sirri ba. Na'urar da ke riƙe da sunayen jama'a, in ba za ta ɗauki sabon Windows ba, gara a sa mata Linux marar nauyi da a bar ta haka.

Babban aiki dai yana wuyan hukuma. A shekarar 2016 aka haɗe Sonitel da SahelCom aka kafa Niger Telecom, kuma Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗin layin zaren gilashi mai ratsa Sahara, wanda zai haɗa mu da Aljeriya, da Cadi, da Najeriya ta Magarya. A 2020 Bankin Duniya ya ware dala miliyan 100 domin shirin kai sadarwa ƙauyuka. Amma babban layi manyan hanyoyi yake bi, Kelle kuwa tana gefe da hanyar Damagaram zuwa Difa. Tun 2025 Starlink, wanda taurarinsa ke nisan kilomita kusan 550 kawai, yana aiki a Nijar da izinin gwamnati. Ya gajarta rijiyar ƙwarai, sai dai kuɗin wata-wata yana fita waje, kuma takardun ƙasa za su bi ta hannun kamfanin Amurka. A ganinmu, duk kasafin da majalisar gari za ta yi na kayan biro, ya kamata kuɗin layi, da faifan hasken rana, da horon ma'aikaci guda mai iya awo su riga sayen sababbin na'urori.