Mai Sanyi da Mai Wayo: Darasin da Manhajar Cepheus Ta Bari a Wasan Poka

Duk wanda ya leƙa Play Store ya nemi wasannin karta zai ga manhajojin poka birjik, kowacce na kiran matashi ya zo ya gwada basirarsa. Abin da ba sa faɗa shi ne, akwai nau'in wannan wasa da kwamfuta ta gama da shi tun 2015. Sunansa limit hold'em, kuma yadda aka yi aka warware shi ya fi wasan kansa amfani ga mai sha'awar fasaha.

Yadda wasan yake

Ana raba wa kowane ɗan wasa kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya waɗanda kowa zai haɗa da nasa: uku a tashin farko, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Zagayen zubi huɗu ne. A kowane zagaye mutum zai iya wucewa, ko ya zuba, ko ya bi zubin wani, ko ya ƙara a kai, ko ya ajiye katinsa ya haƙura. Abin da ya bambanta limit shi ne an ƙayyade girman zubi. Ƙarami ne a zagaye biyu na farko, ninkinsa a biyun ƙarshe. Ba wanda zai turo duk abin da ke gabansa don ya razana wani. Saboda haka wasan ya koma lissafi zalla.

Abokan karawa iri biyu ne suka fi ba sabon ɗan wasa ciwon kai. Na farko mai sanyi: ba ya ƙari, ba ya kuma ajiyewa, bi kawai yake yi har ƙarshe. Na biyu mai wayo: idan katinsa ya yi ƙarfi sai ya yi lumbu-lumbu ya wuce, ana zubawa ya ƙara, idan ba shi da komai sai ya yi burga.

Mai sanyi ba ya buƙatar dabara

Kuskuren da aka fi yi da mai sanyi shi ne yi masa burga. Amfanin burga ɗaya ne, ta sa mai kati mafi kyau ya ajiye. Wanda ba ya ajiyewa kuwa, yi masa burga zuba ruwa a rariya ne. Abin da ya dace shi ne a riƙa zubawa duk lokacin da kati ya fi nasa a mafi yawan lokuta, ko da fifikon kaɗan ne, domin zai bi da abin da bai kai ba. Ranar da ya ƙara kuma, a yarda da shi. Mutumin da ya yi awa biyu bai ɗaga murya ba, idan ya ɗaga akwai dalili.

Mai wayo kuma lissafi ne maganinsa

A nan ne mutane suka fi ɓata. Suna ƙoƙarin shiga zuciyar mai wayo: yana so a ɗauka burga ce, ko yana so a ɗauka yana so a ɗauka burga ce? Wannan rami ne marar ƙarshe, kuma shi ya haƙa shi.

Ga misali. An zo zagayen ƙarshe, akwai zubi 8 a tsakiya, mai wayo ya ƙara 1, sun zama 9. Wanda ke da matsakaicin kati zai biya 1 ne don neman 9. Idan ya yi haka sau 10 ya faɗi sau 9, ya yi asarar 9. Nasara ɗayan kuma ta dawo masa da 9. Ke nan muddin mai wayo yana burga fiye da sau 1 cikin 10, bi ya fi ajiyewa. Mai wayo kuwa da wuya ya tsaya a nan. Shi ya sa a limit hold'em yawan ajiyewa a ƙarshe ya fi yawan bi tsada: kuskuren bi zubi ɗaya yake ci, kuskuren ajiyewa yana cin tsibin gaba ɗaya. Haka nan idan mai wayo ya wuce, kati kuma matsakaici ne, wucewa a bayansa yakan fi, don a hana shi damar ƙarin da ya ɗana tarko dominsa.

Abin da aka yi a Alberta

A watan Janairun 2015 mujallar Science ta buga aikin Michael Bowling da Neil Burch da Michael Johanson na Jami'ar Alberta da ke Kanada, tare da Oskari Tammelin, wani mai rubuta manhaja ɗan ƙasar Finland. Sun gina manhaja mai suna Cepheus wadda ta warware limit hold'em na mutum biyu. Matsalar ba ƙarama ba ce, domin yanayin da ɗan wasa zai iya samun kansa a ciki ya yanke shawara ya haura tiriliyan 300.

Ba a nuna wa Cepheus wasan ƙwararru ko ɗaya ba. Dokoki kawai aka ba ta, ta yi ta karawa da kanta. Tsarin da ta bi, CFR+, a kan nadama aka gina shi: bayan kowane zagaye tana lissafa abin da za ta samu da ta zaɓi wani mataki daban, ta ajiye wannan nadamar, gaba kuma ta ƙara karkata ga matakin da ta fi nadamar bari. An yi wannan a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta 4,800 na tsawon kwana 68. Sakamakon ya kai matsayin da ko mutum ya san duk sirrinta, ya yi shekara 70 yana buga hannu 200 a awa, awa 12 kullum, ba tare da kuskure ba, alƙaluma ba za su iya tabbatar da cewa ya fi ta ba.

Abin lura shi ne Cepheus ba ta karanta kowa. Ba ta san ko mai sanyi ne a gabanta ko mai wayo ba. Tana cakuɗa matakanta ne bisa ƙayyadadden kaso, ta yadda babu wani salo da zai ci ribarta. Masu kallon ƙwallo sun san wannan: mai bugun fanareti da kullum yake kai wa dama, mai tsaron gida zai gane shi, wanda yake raba bugunsa yadda ya kamata, ko an san tsarinsa ba a san inda zai buga yau ba. Tun 1944 John von Neumann da Oskar Morgenstern suka nuna a littafinsu na lissafin wasanni cewa burga a poka wajibi ce ta lissafi. Cepheus ta gano hakan da kanta.

Inda masu suka suke da gaskiya

Wasu za su ce manhajar da ba ta lura da abokin karawa tana barin riba a ƙasa. Haka ne. Cepheus za ta ci gaba da yi wa mai sanyi burga daidai kason da take yi wa kowa, alhali ƙwararren mutum zai daina, ya kuma fi ta samu daga gare shi. Sai dai duk wanda ya kauce wa daidaito don ya ci wani, ya buɗe ƙofar da za a ci shi. Idan mai sanyin nan ashe mai wayo ne da ya yi kwanton ɓauna, labari ya sauya. Ƙa'idar da ta fito a nan mai sauƙi ce: a kauce wa daidaito idan an ga rauni ƙarara kuma an daɗe ana ganinsa, idan ana shakka, a koma ga lissafi.

Abin da ya shafi mai riƙe da waya

Bayan Cepheus abin bai tsaya ba. A 2017 manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu a hannu 120,000 na nau'in da ba shi da iyakar zubi, a birnin Pittsburgh na Amurka. A 2019 Pluribus, wadda aka gina tare da Facebook, ta yi nasara a teburin mutum shida. Matashin da ya sa kuɗinsa a manhajar poka ba ya ganin fuskar kowa, suna da hoto kawai yake gani. Ba shi da hanyar tabbatar da cewa mutum ne ke wancan gefen, ko mutum ne da manhaja a buɗe a gefensa. Su kansu shafukan sun haramta irin waɗannan manhajoji a dokokinsu, kuma ba a kafa doka kan abin da babu. Ga shi kuma mai shafi yana yankar kamashonsa daga tsibin da ake bugawa, wanda ke nufin jimillar 'yan wasa kullum a asara take. Hukuncin caca a addini sananne ne. Lissafi ma bai ba ta gaskiya ba.

Ribar da ke cikin wannan labari tana wajen mai koyon rubuta manhaja. Akwai ƙaramin wasa mai kati uku kacal da ake kira Kuhn poker, wanda ɗalibai ke fara gwada CFR a kansa. Da Python da 'yar kwamfuta, ko ma waya mai Termux, mutum zai rubuta shi ya zauna yana kallon manhajarsa tana koyon burga ba tare da an koya mata ba. Irin wannan lissafi ne aka yi amfani da shi a filin jirgin saman Los Angeles tun 2007 don tsara sintirin jami'an tsaro ta yadda mai mugun nufi ba zai iya hasashensa ba. Datar da za a ƙone a teburin da ba a san wa ke zaune ba, ta isa a sauke darasin farko.