Sharhi: Yadda hawan jini ke share fagen gigin tsufa a Damagum

A Damagum, hedikwatar ƙaramar hukumar Fune a Jihar Yobe, idan dattijo ya fara manta sunayen jikokinsa ko ya ɓata a hanyar masallaci, akan ce gigin tsufa ne, a rungumi ƙaddara. Sai dai binciken likitoci ya nuna cewa sau da yawa matsalar daga jijiyoyin jini take farawa.

Hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, tunani ya riƙa raguwa sannu a hankali. A 2024, kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14, ciki har da hawan jini, ciwon suga, shan taba da yawan kitse a jini, ya ce magance su na iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa.

Jihar na da cibiyar bincike ta BioRTC a Damaturu, wadda masanin ƙwaƙwalwa Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa a 2021. Amma amfanin binciken ba zai kai ga talaka ba sai awon jini ya zama al'ada a cibiyoyin lafiya na matakin farko, tun mutum yana ɗan shekara 40, magani kuma ya daina yankewa.

A gida, nauyin na kan iyali: rage gishiri da dunƙulen miya, da raka tsofaffi asibiti tun mantuwar ba ta yi nisa ba.