Wannan «mise à jour» da muke ta ɗagawa

Duk wanda ke cikin gurup ɗin WhatsApp na dangi ko na tsofaffin ƴan makaranta ya san irin saƙon nan: gobe za a saki wani bidiyo mai suna Martinelli, kada ka buɗe shi, yana kashe waya nan take, ka tura wa duk wanda kake ƙauna. Shekara da shekaru saƙon yana yawo, kuma har yau babu wanda ya ga bidiyon, domin babu shi. Duk da haka muna turawa. Wayar da muka yi turin da ita kuwa, wata uku ke nan tana roƙon a yi mata «mise à jour», wato a sabunta manhajojinta, mu kuma muna danna «plus tard». To ƴan uwa, bidiyo mai cutar da waya gaskiya ne akwai shi. Sai dai ba ya zuwa da suna, ba a yin shelarsa, kuma maganinsa shi ne wannan sabuntawar da muke ta ɗagawa.

Mutane da yawa na ɗaukar bidiyo kamar hoton da aka manna a bango, kallo kawai. Alhali fayil ne da sai wata manhaja ta buɗe shi ta karanta, ko VLC, ko MX Player, ko wadda ta zo da wayar, ko wadda ke ɓoye cikin WhatsApp. A farkon fayil ɗin akwai bayani kamar takardar rakiyar kaya a tasha: tsawona kaza, faɗina kaza, wannan sashen girmansa kaza. Ka ɗauka an kawo wa mai shago buhu, takarda ta ce tiya goma ce, ya ware wurin tiya goma, ya kwance baki ya juye ba tare da ya auna ba. Ashe tiya hamsin ce. Hatsin ya cika wurin, ya malala har kan littafin da yaron shago ke duba abin da zai yi. Idan wanda ya ƙulla buhun gwani ne, abin da ya malala ɗin ba hatsi ba ne, wata takarda ce mai cewa a buɗe akwatin kuɗi a miƙa wa wane. Yaron shago kuwa abin da ya gani a littafi shi yake bi. Haka galibin waɗannan ɓarakokin suke: manhaja ta yarda da abin da fayil ya faɗa game da kansa, bayanai suka zube inda bai kamata ba cikin ƙwaƙwalwar na'ura, umarnin baƙo ya shiga layi. Gyaran sau da yawa ƴan layuka ne kawai, masu cewa auna kafin ka juye.

Manhajojin kallo sun fi saura fama da wannan saboda aikinsu shi ne su karɓi kowane irin fayil daga kowa. Abin da ya sa muke son VLC ke nan, ba ya ƙin komai. Kowane nau'i na sauti da hoto yana da nasa sashen mai karanta shi, wasu an rubuta su shekaru ashirin da suka wuce. A farkon 2014 injiniyoyin Google sun bayyana cewa cikin kimanin shekara biyu sun taimaka an gyara kurakurai fiye da 1,000 a FFmpeg, wani rumbun kayan aiki da manhajojin kallo masu yawa ke ɗiba daga cikinsa.

Wanda ya fi girgiza duniya shi ne Stagefright. A watan Yuli na 2015 wani mai bincike, Joshua Drake na kamfanin Zimperium, ya nuna cewa sashen Android mai karanta bidiyo yana da ɓaraka da ta shafi wayoyi kimanin miliyan 950. Abin da mai kai hari ke buƙata lambar wayarka ce kawai. Ya aiko saƙon MMS mai ɗauke da bidiyo, kuma a wasu wayoyin tun kafin ka taɓa saƙon an riga an karanta fayil ɗin, kana barci abinka. Daga wannan ne Google ya fara fitar da gyaran tsaro wata-wata, tun Agusta na shekarar. A Mayun 2017 kuma kamfanin Check Point ya gano cewa ko ɗan fayil ɗin fassarar da ke fitowa a ƙasan fim ya isa a ƙwace kwamfuta ta hanyar VLC, Kodi, Popcorn Time da Stremio. Masu sauko da fassarar Faransanci don finafinan Indiya da na Koriya, da ku ake. A Nuwamban 2019 sai WhatsApp ya sanar da tasa: fayil ɗin MP4 da aka ƙera da gangan na iya shiga ta irin wannan ƙofa a duk sigar Android da ta gabaci 2.19.274. Kamfanin ya ce bai ga alamar an cutar da kowa da ita ba.

Ban kawo waɗannan don a goge VLC ba. Ni har gobe shi nake ba mutane shawara. Ƙungiya ce ta sa kai a Faransa, VideoLAN, ke riƙe da shi, ya faro ne a matsayin aikin ɗalibai a makarantar École Centrale ta Paris a 1996, ba ya talla, ba ya neman ko dala. A 2019 Tarayyar Turai ta sa lada ga duk wanda ya gano masa aibi, aka yi ta tono, siga ta 3.0.7 ta fito a watan Yuni da gyaran matsalolin tsaro 33 a lokaci guda. Manhajar da ake tona asirinta ana gyarawa ta fi min wadda ba a taɓa jin an ce komai a kanta ba. Wata guda bayan haka ma wata hukumar tsaron intanet ta Jamus ta yi kururuwa a kan VLC, jaridu suka ɗauka suna cewa a cire shi, daga baya aka gane matsalar tana cikin wani tsohon sashe da aka gyara fiye da shekara guda kafin nan. Wanda ke sabuntawa, hayaniyar ba ta shafe shi ba.

Ga abin da na fi so mu riƙe. Ranar da gyara ya fito, ranar ce ɓarakar ta zama sananniya ga kowa. Ana ba ta lamba, ana rubuta bayaninta, kuma duk mai ilmin abin zai iya ɗora sabuwar siga kusa da tsohuwa ya ga daidai inda aka toshe. Kafin nan ƙila mutum biyu ko uku suka san ramin. Bayan nan, an yi wa gari shela cewa katangar gidaje irin kaza tana da rami ta baya, masu gida suka toshe nasu, kai ka ce sai ka samu sarari. Don haka wayar da ta shekara biyu ba a sabunta ba, ba a inda take a da ta tsaya ba. Kullum ƙara buɗewa take.

Yanzu mu dubi yadda muke yi a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Sabuwar waya ta zo, kafin a buɗe Play Store an kai ta wurin mai tura finafinai ko an haɗa Xender da ta aboki. Manhajar da ka karɓa, shi ma karɓa ya yi daga wani, babu wanda ya san shekarunta. Wata ma an taɓa ta, an cire mata talla, ana kiranta «pro» ko «mod», irin su GB WhatsApp. Waɗannan ba sa samun gyara daga masu asalin manhajar, kuma wanda ya iya cire talla ya iya saka wani abin. Sai a cika katin memwar da finafinan da suka ratsa kwamfuta goma. Kwamfutar mai turin kanta sau da yawa Windows 7 ce, wadda Microsoft ya daina yi wa gyara tun Janairun 2020. Cikin wannan wayar kuma akwai hotunan iyali, muryoyin da ba ka so kowa ya ji, da manhajar aika kuɗi.

Na san amsar: «Ba ni da mega.» Gaskiya ce, ban raina ta ba. Wanda ya sayi ɗan forfe na yini ba zai so ya farka ya tarar waya ta cinye shi cikin dare ba, shi ya sa kowa ke kashe sabuntawa ta kai tsaye. Ga memwar a cike, ga tsoron kada sabuwar siga ta sa tsohuwar waya nauyi, wanda wani lokacin yakan faru. Amma a yi lissafi: sabunta manhajar kallo da WhatsApp tare bai kai nauyin fim guda ba. Wanda ke samun wifi a jami'a ko wurin aiki kuwa ba shi da uzuri ko kaɗan.

Wani zai ce wa zai ɓata lokacinsa a kaina. Ga yawancinmu, haka ne, irin wannan hari yana da tsada kuma akan zaɓi wanda za a yi wa. A 2019 an bi ta wata ɓaraka a sashen kiran WhatsApp aka saka manhajar leƙen asiri ta Pegasus, an nufi mutum kimanin 1,400, cikinsu har da limaman coci da ƴan adawa a Togo, nan kusa da mu. Idan kai ɗan jarida ne, ko lauya, ko kana cikin harkar ƙungiyoyi, ko ɗan kasuwa mai juya kuɗi ta waya, kada ka sa kanka cikin «yawanci». Kuma tsofaffin ɓarakoki arha suke yi da tafiyar lokaci, har su faɗo hannun ƙananan ƴan damfara.

Laifin dai ba namu ne duka ba. Gyaran da Google ya fitar sai ya bi ta hannun kamfanin da ya ƙera wayar kafin ya iso gare ka, kuma wayoyi masu sauƙin kuɗi, irin waɗanda suka fi yawa a hannunmu, su ake fara mantawa da su. Kana iya danna sabuntawa safe da yamma, babu abin da zai zo. Tun daga Android 10 an ɗan samu sauƙi, domin Google ya ware sassan da ke karanta sauti da bidiyo yana aiko da gyaransu kai tsaye ta Play Store. Amma sauran fa? A ganina ya kamata mai sayen waya ya san har zuwa wace shekara za a ci gaba da gyara masa ita, kamar yadda ake duba ranar lalacewar magani, kuma masu shigo da wayoyi su rubuta hakan a fili. Kamfanonin sadarwa da ke iya ware forfe na musamman don Facebook da WhatsApp, suna iya barin gyaran tsaro ya sauka ba tare da ya ci mega ba. Wannan magana ce da ARCEP da ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye za su iya ɗorawa a tebur.

Kafin su yi, ka shiga «Paramètres», ka gangara inda aka rubuta bayanin wayar, ka nemi ranar gyaran tsaro na ƙarshe. Idan manhajar kallonka ta Xender ce, goge ta ka ɗauko daga Play Store, ta kwamfuta kuma daga shafin videolan.org. A WhatsApp ka kashe saukar bidiyo da kansa, wannan ma megarka zai tsimin maka. Idan kuma ranar da ka gani ta wuce shekara biyu kuma wayar ta ce babu sabon abu, to ka san irin wayar da ke hannunka, ka rage abin da kake ajiyewa a cikinta.