Golan da muka bayar a kan jesi saiti ɗaya

1/ Jama'a ku ɗan tsaya, yau raina a ɓace yake, kuma zaren zai yi tsawo. Wanda ke sauri ya wuce abinsa. Makon jiya kulob ɗin unguwarmu a nan Daura ya ba da golansa, yaro ɗan shekara 17, ga wani mai akadami daga wani gari. Farashi: jesi saiti ɗaya da ƙwallo biyar. Babu takarda, babu sa hannu, babu shaida sai mai shayi.

2/ Abin da ya fi ƙona min rai, a majalisa murna ake. Wai mun ci riba. Wani har cewa ya yi "yaron da aka ɗura wa huɗu rannan? Ai ko ƙwallo biyu aka bayar an cuci mutumin." Aka kwashe da dariya.

3/ Ina filin ranar da aka ci huɗun nan. Biyu daga ciki 'yan baya ne suka tsaya suna ɗaga hannu suna jiran rafali ya hura satar gida. Ɗaya fenariti. Ɗaya ce kawai tasa, ya fito kwana bai kai ba. Amma wanda ya tare fa? Ba wanda ya ƙirga. Baƙon nan shi ya ƙirga, shi ya sa ya zo da jesi a but ɗin mota.

4/ Magana ɗaya nake son faɗa: ba mu iya kallon gola ba. Tun muna yara haka muka taso, wanda bai iya ba ko wanda ya fi kowa ƙanƙanta shi ake turawa raga. Muka girma da wannan idon. Ɗan gaba ya ɓarar da biyar ya ci ɗaya, gwarzo ne. Gola ya tare goma ya saki ɗaya, kwando ne.

5/ Kafin wani ya ce surutu nake, ga misali daga cikin gidanmu. Kun tuna kakar 2021/2022? Katsina United ta faɗa ajin 'yan dagaji, ita da Kano Pillars da Heartland da MFM. To cikin masu tsaron ragar Katsina United a kakar nan akwai wani dogo mai suna Stanley Nwabali.

6/ Eh, shi dai. A filin Muhammadu Dikko yake wasa, nan Katsina, ba wata uwa duniya ba. Ku faɗi gaskiya tsakaninku da Allah, mu nawa muka san sunansa a lokacin? Golan kulob ɗin da ya faɗi, wa zai waiwaye shi?

7/ A 2022 ya tafi Chippa United ta Afirka ta Kudu. Ko shekara biyu ba a yi ba, José Peseiro ya ba shi ragar Super Eagles a Kofin Afirka na Kwaddibuwa. Bayan kunnen doki 1-1 da Equatorial Guinea, wasa huɗu a jere ba a ci shi ba: Kwaddibuwa, Guinea-Bissau, Kamaru, Angola.

8/ Sai daren 7 ga Fabrairu 2024 a Bouaké, wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu. Aka tashi 1-1, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, ya tare biyu, na Mokoena da na Makgopa. Gidajen kallo daga Daura har Mai'adua ihu ake da sunansa. Mutumin da ya gama zama a jiharmu ba mu ko tanka masa ba, sai da talabijin ta nuna mana shi muka yarda.

9/ Ku lura da shekarunsa: 27 yake da ita a gasar nan. Wannan shi ne wurin da nake son samari su riƙe. Gola ba ya nuna da wuri. Ɗan gaba mai gudu kana iya gane shi yana 16. Ahmed Musa bai cika 18 ba ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars, kowa ya gani, makaho ma ya ji labari. Aikin gola kuwa rabinsa a ka yake, kai kuma sai da shekaru da shan ƙwallaye yake cika.

10/ 'Yan Chelsea ku matso. Edouard Mendy yana ɗan 22 a 2014 ba shi da kulob. Dillalinsa ya yi masa alƙawari ya ɓace, ya shekara yana zaman kashe wando har ya yi rajista a ofishin marasa aiki a Faransa. A 2020 Chelsea ta saye shi daga Rennes wajen fam miliyan 22, a 2021 ya ɗaga Kofin Zakarun Turai. Ita Chelsea ɗin ta riga ta zuba fam miliyan 71 da ɗoriya a kan Kepa a 2018. Masu kuɗi da kwamfuta ma suna kuskuren kimanta gola, balle mu da muke yanke hukunci a bakin teburin mai shayi bayan wasa ɗaya.

11/ Wani ɗan ratse. A Amurka akwai wasan besbol, akwai mutumin da ke tsugune bayan mai bugu yana cafe ƙwallo, kusan shi ne golansu. Kulob na iya ba da gogaggen ɗan wasa a karɓo irin wannan yaron daga ƙananan gasanni. Amma kafin nan sai sun tura mutum da agogo ya auna daƙiƙa nawa ke tsakanin cafewarsa da isar jifarsa, wajen daƙiƙa biyu ake nema, kuma kowace baiwa tasa a ba ta maki tsakanin 20 da 80. Mu ma'auninmu ɗaya ne: nawa aka ci shi?

12/ To me ya kamata a kalla? Ba shawagi ba. Golan da kullum yake tashi sama yana faɗowa kamar ɗan fim, sau da yawa tun farko bai tsaya inda ya dace ba. Nagari ƙwallo ce take zuwa ƙirjinsa, 'yan kallo su ce ɗan gaban ne bai iya bugu ba. Yaron namu haka yake, shi ya sa bai burge kowa.

13/ A kalli hannunsa, riƙewa yake ko amai? In ya doke, gefe yake turawa ko tsakiya inda abokan hamayya ke jira? A kalli kwana da kuros, yana da zuciyar fitowa cikin turmutsitsi? A kalli ƙafarsa, don tun 1992 doka ta hana gola ɗaukar ƙwallon da nasa ya mayar masa da ƙafa, golan da bai iya fasin ba yau rabin gola ne.

14/ A saurari bakinsa. Yaron nan ɗan 17 yana daka wa 'yan baya masu gemu tsawa, suna bi. A ƙasar nan tamu da ƙarami ba ya ɗaga wa babba murya, wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba a koyar da shi.

15/ Babban gwaji kuma shi ne ƙwallon farko bayan ya yi kuskure. Rannan bayan ya ɓata kwanar nan, minti kaɗan aka sake samun wata, ya sake fitowa, ya cafe. A nan na san akwai abu a jikinsa. Mun ga abin da ya faru da Francis Uzoho bayan ƙwallon Partey a Abuja, 29 ga Maris 2022, ƙasa guda ta hau kansa. Wanda zuciyarsa ba ta da kauri raga ba wurinsa ba ne.

16/ Duk wannan kuma a filin da babu ciyawa, ƙasa da tsakuwa, faɗuwa ɗaya gwiwa ta saɓule. Babu mai horar da gola, koci ɗaya ne na kowa, atisayen gola shi ne a jeru a yi ta ɗirka masa shot. Safar hannunsa ta gwanjo ce, ita ma karo-karo aka yi.

17/ Na san abin da za a ce, an ma riga an faɗa min: "kar ka tare wa yaro arziƙi, rabonsa ne ya kira shi." Ban ce kar ya tafi ba. Ya tafi mana! A Daura wa zai koya masa abin da ya rage? Cewa na yi a rubuta. Takarda ba ta hana mota tashi.

18/ Ga dalilin. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Daga 12 zuwa 15, kowace shekara rubu'in kashi ɗaya. Daga 16 zuwa 23, kowace shekara rabin kashi ɗaya.

19/ Mu yi lissafi. Yaron nan tun yana 12 yake wurinmu har 17. Kashi 2 cikin 100 ke nan. A ce wata rana an sayar da shi Yuro miliyan ɗaya, wanda a Turai kuɗin ɗan benci ne, rabonmu Yuro 20,000. Kuma ba sau ɗaya ba, duk lokacin da aka sake irin wannan cinikin. Je ka tambayi ɗan canji nawa ke nan, ka dawo ka faɗa min jesi nawa zai saya.

20/ Amma kuɗin nan rajista yake bi. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishin da ke biyan irin wannan haƙƙi kai tsaye, kuma abin da yake dubawa shi ne tarihin rajistar yaro a hukumar ƙwallo. Kulob ɗinmu bai taɓa yi wa yaron nan rajista ba. A idon doka ba mu taɓa ganinsa ba. Wanda ya fara rubuta sunansa shi ya raine shi, wato mai jesi.

21/ Kuma ba mu kaɗai ba ne. Ku zagaya Zango, Sandamu, Baure, ku tambayi masu kulob nawa ne ke da fayil ɗin 'yan wasansu. Koci zai yi shekara biyar yana sayen fiya wata da kuɗin aljihunsa, ranar ciniki kuma kunya ta hana shi cewa a kawo biro. Wai kar a ce ya cika son kuɗi.

22/ Iyaye ma ku ji. Duk dillalin da ya ce zai kai ɗanku Turai yana 16 ko 17, ku riƙe aljihunku. Doka ta hana cinikin yaro zuwa wata ƙasa kafin 18, in ban da 'yan togaciya kaɗan. Ahmed Musa da kansa sai da ya jira ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya buga wa VVV-Venlo ta Holan. In kuma aka ce ku kawo kuɗin biza, ku sayar da gona, to ba ɗanku ake so ba, gonar ake so.

23/ Koc, na san kana karantawa, kuma ka san ina ganin girmanka, kai ka koya min buga ƙwallo. Ban ce ka ci amana ba. Amma Allah ya gani an yi maka wayo, kuma mu da muka yi ta ihun "kwando" a bakin fili mu muka karya farashin yaron tun kafin mai saye ya buɗe baki.

24/ Yaron bai tafi ba tukuna, sai ranar Asabar. Na rubuta shafi ɗaya: shekarun da ya yi a wurinmu, kashi 10 cikin 100 na duk abin da aka sayar da shi nan gaba, da sharaɗin zai ci gaba da makaranta. Mahaifinsa ya ce zai sa hannu. In mai akadamin ya ƙi, jesinsa na nan a leda ko buɗewa ba a yi ba. In akwai lauya ɗan Daura a nan da zai duba min takardar kafin Juma'a, don Allah ya yi min magana ta akwati.