Zafin Iskar Rana: Ba a Rufe Shari'a da Shaida Ɗaya

A watan Agustan 2024 mujallar Science ta buga sakamakon wani bincike, sai kanun labarai suka cika da shelar cewa an tona asirin zafin iskar rana. Shelar ta yi gaggawa.

Rana tana fesar da filasma, wato gas na furoton da ilektiron masu caji, dare da rana. Eugene Parker ne ya yi hasashen wannan iska a 1958. Duk gas ɗin da ya bazu hucewa yake yi, amma ita tana isowa kusa da Duniya bayan tafiyar kilomita miliyan 150 da zafin kimanin digiri 100,000, fiye da abin da lissafi ya bayar nesa ba kusa ba. Ke nan akwai mai iza mata wuta a hanya.

Babban abin zargi shi ne igiyoyin da Hannes Alfvén ya bayyana a 1942: layukan maganaɗisu suna kaɗawa a hankali kamar tsirkiyar garaya. Kaɗawar ita kaɗai ba ta ɗumama komai, domin ƙwayoyin filasmar ba safai suke karo da juna ba. Sai wasu igiyoyin sun juyo baya sun gamu da masu fita, hargitsi ya tashi, manyan kaɗawa su farfashe zuwa ƙanana har su kai girman zagayen furoton, sannan ƙarfinsu ya rikiɗe zafi.

Binciken ya dogara ne da awon watan Fabrairun 2022, lokacin da kumbunan Parker Solar Probe da Solar Orbiter suka ratsa kwararo ɗaya na iskar, ɗaya kusa da Rana, ɗaya can nesa. Ƙarfin da igiyoyin suka rasa ya yi daidai da zafi da gudun da iskar ta samu. Nasara ce babba, amma ta mai binciken asusu ce: kuɗi sun fita nan, sun bayyana can. Hanyar da suka bi, da dalilin da ya sa furoton ya fi ilektiron zafi a iska mai sauri, da asalin iska mai tafiyar hawainiya, duk masana suna ta muhawara a kansu.

Illar gaggawar ba ƙarama ba ce. Lokacin isowar guguwar rana ya danganta da iskar da take ratsawa. Irin wannan guguwa ta jefa Kwibek ta Kanada cikin duhu na awa 9 a 1989, ta kuma hallaka taurarin Starlink 38 a 2022. Wanda ya ce an gama, yana koya wa masu riƙe da kasafin kuɗi cewa babu sauran abin biya.